Lambobin Yabo ga Masanan Awon Ilimi, da Alaƙarsu da Ɗaliban Rano da Kibiya

Awon ilimi fanni ne da ke nazarin yadda ake tsara jarrabawa, da yadda ake ba da maki, da irin hukuncin da ya halatta a yanke bisa makin. Abokin tafiyarsa shi ne fannin dabarun bincike, mai lura da yadda ake tattara bayanai a makarantu da yadda ake tace su kafin a ce wata hanyar koyarwa ta fi wata. Ba kasafai ake jin sunayen masanan nan a rediyo ba, amma aikinsu yana shiga duk gidan da ke da ɗan makaranta. Ɗalibin sakandaren gwamnati a Rano ko Kibiya sai ya fara da kwalifayin, jarrabawar da Jihar Kano ke tantance waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO da ita, sannan ya zana NECO ko WAEC, ya kuma tunkari JAMB. A kowace gaɓa akwai ma'aunin da wasu suka ƙera.

Tambayoyi biyu ne ginshiƙin fannin. Ta farko: shin jarrabawar tana auna abin da aka ce tana aunawa? Idan aka lulluɓe tambayar lissafi cikin dogon Turanci, yaron da ya tashi a ƙauyen Kibiya zai iya faɗuwa alhali ya iya lissafin, domin abin da aka auna a wurinsa Turanci ne. Ta biyu: shin makin zai tsaya yadda yake idan wani malamin ne ya duba takardar, ko aka sake jarrabawar wata rana? Amsar ɗaya ba ta wadatar da ɗayar. Tiyar da aka buga wa gindi a kasuwar hatsi takan ba da awo iri ɗaya kullum, amma kullum a tauye. Akwai kuma batun daidaita maki: tunda JAMB ta koma kwamfuta baki ɗaya a 2015, ɗalibai na zana ta a ranaku daban-daban da tambayoyi daban-daban, don haka sai an yi lissafi mai zurfi kafin 200 ɗin wannan ta zama daidai da 200 ɗin wancan.

A Amurka aka fi tsara karrama masu wannan aiki. Ƙungiyar masu binciken ilimi ta ƙasar, AERA, wadda aka kafa a 1916, tana da sashe na musamman, Sashen D, na awo da dabarun bincike. Mafi shahara cikin lambobin fannin ita ce ta E. F. Lindquist, wadda AERA da hukumar jarrabawa ta ACT ke bayarwa tare tun 1973. Lindquist malami ne a Jami'ar Iowa. Shi ya jagoranci ƙera na'urar duba takardun amsa a shekarun 1950, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ACT a 1959. Duk ɗalibin da ya taɓa cike ɗan gurbin amsa da fensir a zauren NECO ya ci gajiyar irin wannan fasaha, ko da bai taɓa jin sunan mutumin ba. Sashen D kuma yana da lambar Robert L. Linn, ta masanin da ya haɗa ilimin awo da manufofin ilimi na hukuma.

Ƙungiya ta biyu, NCME, wadda ta samo asali a 1938, ta shimfiɗa nata lambobin hawa-hawa: ta Brenda Loyd ga kundin digiri na uku mafi nagarta, ta Jason Millman ga matashin masani mai tasowa, da wata ga wanda ya ƙarar da rayuwarsa a fannin. Kuɗin da ke tare da yawancinsu bai taka kara ya karya ba. Darajarsu ita ce abokan sana'a ne ke zaɓe, mutanen da suka san inda lissafi ke ɓoye kuskure. Lambar da ta fita daban wajen kuɗi ita ce ta Yidan da ake bayarwa daga Hong Kong, mai dalar Hong Kong miliyan 30. A 2018 Larry Hedges na Jami'ar Northwestern ya karɓe ta, saboda dabarun da ya inganta na harhaɗa sakamakon bincike masu yawa, waɗanda sau da dama suke saɓa wa juna, a fitar da amsa guda abin dogaro.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a fannin. An kafa WAEC a 1952, JAMB a 1978, NECO a 1999 da hedkwata a Minna, kuma shugaban NECO na farko, Farfesa Dibu Ojerinde, masanin awon ilimi ne. Jami'ar Ibadan ta daɗe da cibiyar horar da masu tantance ilimi, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana ba da digiri na biyu a wannan reshe. Sai dai lambobin da suka fi fitowa fili a nan na masu zana jarrabawa ne. Asusun gidauniyar WAEC yana karrama ɗalibai uku da suka fi kowa a Afirka ta Yamma, na farkonsu ya ƙara da lambar Augustus Bandele Oyediran. Masu bincike kuwa galibi ta ƙofar gama-gari suke shiga, kamar lambar ƙwazo ta ƙasa, NNOM, da aka kafa a 1979.

Cikin waɗanda suka sami NNOM akwai Farfesa Babs Fafunwa, kuma aikinsa misali ne mai kyau na abin da ake nufi da ingantacciyar dabarar bincike. A 1970 ya fara gwaji a Ile-Ife: rukunin yara guda an koyar da su da Yarbanci tsawon shekara shida ta firamare, Turanci na zaman darasi kawai, ɗaya rukunin an juya da su zuwa Turanci bayan shekara uku. Da aka gwada su, waɗanda suka yi karatu da harshen gida ba su gaza ba ko a Turancin, a darussa da dama ma sun yi gaba. Da babu rukunin kwatanci, da sakamakon ya zama ra'ayi kawai. Masu muhawarar koyar da yaran firamare da harshen gida sukan kafa hujja da wannan gwaji.

Abubuwa biyu da suka faru a 2025 sun nuna nauyin aikin. A watan Mayu shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata makin ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, bayan an gayyato masana sun bi diddigin amsoshin, aka kuma sake musu jarrabawar. Daga baya sakamakon NECO ya nuna Kano a sahun gaba wajen yawan waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Abin murna ne, amma mai ilimin awo zai nemi sanin kaso nawa ne cikin waɗanda suka zana, domin jiha mai ɗimbin ɗalibai tana iya fin kowa adadi ba tare da ta fi kowa kaso ba. Zai kuma so a rarraba alƙaluman ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a ga ko makarantun Rano, Bunkure da Kibiya sun tafi kafaɗa da kafaɗa da na cikin birni.

Matakin ƙarshe na awon yana hannun malamin aji. Makin gwaje-gwajen da yake yi wa ɗalibai a tsawon zango, wanda ake kira CA, yana shiga sakamakon ƙarshe na WAEC da NECO bayan hukumomin sun daidaita shi. Saboda haka ne darasin awo da tantancewa ya zama wajibi ga masu neman takardar NCE a kwalejojin ilimi, inda ake koya musu yadda za su raba tambayoyi bisa manhaja, da yadda za su gane tambayar da ta yi sauƙi ko tsauri fiye da kima daga yawan waɗanda suka amsa ta daidai.