Bugu Ɗaya, Littattafai Dabam-dabam

Mu da muka tashi muna ganin littattafan da malamai suka kwafa da hannu, inda wani ya tsallake baiti, wani kuma ya cusa sharhinsa a hashiya, mukan ɗauka cewa da zarar an kai littafi ga ɗab'i saɓani ya ƙare. Amma wanda ya jera kwafi biyu na tsofaffin littattafan zane na kufan birnin Rum, sai ya tarar da akasin haka.

Dalili kuwa shi ne, a wancan zamani kowane hoto a kan farantin jan ƙarfe ake sassaƙa shi, a shafa tawada, a danna a takarda ɗaya bayan ɗaya. Farantin yana cinyewa, mai shi yana sake zurfafa layukan da suka dushe, ya kankare wani rubutu ya sa wani. Antonio Lafreri, Bafaranshen da ya yi sana'arsa a Rum har ya rasu a 1577, warwatse yake sayar da zanensa, mai saye ya zaɓa gwargwadon sha'awarsa da aljihunsa, sa'an nan ya kai a ɗinke masa, shi ya sa da wuya a sami biyu da suka daidaita.

Abin da ya fi ba ni ta'ajibi shi ne ƙissar Piranesi, wanda ya fitar da mujalladi huɗu a kan kufan Rum a 1756, ya sadaukar da su ga Lord Charlemont, wani basarake na ƙasar Ayalan, bisa tsammanin zai ɗauki nauyin bugun. Da kuɗi suka ƙi zuwa, sai ya koma kan farantin, ya kankare sunan mutumin, ya bar gurbin kamar dutsen da zamani ya ci, bai kuma tsaya nan ba sai da ya wallafa wasiƙun hujjarsa a 1757. Saboda haka kwafin da ke ɗauke da sunan ya riga wanda babu shi fita, kuma masu nazari da irin wannan alama, da tambarin da ke ɓoye cikin takarda, suke tantance shekarun bugu. Bayan rasuwar Piranesi ɗansa Francesco ya sake buga littafin a 1784 da sunan Sarki Gustav na Uku na Suwidin, daga baya ya kwashe farantan zuwa Faris, har Fafaroma ya sa aka sayo su aka mayar Rum a 1839.