Inda Ake Yafa Iri Daban, Inda Ake Dashe Daban

A lambun albasa, ko na Aliero ne ko na Galmi, akwai wani ɗan fili da mai lambu ya fi ji da shi, alhali ba ya cirar albasa ko guda a cikinsa. Fangali ne ɗaya ko biyu. An farfasa ƙasar ta yi laushi, an zuba ruɓaɓɓen taki, an yafa iri, an lulluɓe da ciyawa don kada rana ta ƙona shi, kada tsuntsu ya tsince. Safe da yamma ana yayyafa ruwa a hankali, domin in aka kwarara sai irin ya bi ruwa. Bayan kamar wata ɗaya da rabi sai a jiƙa ƙasar, a cire tsiron, a datse bakin ganyen, a kai babbar gona a dasa ɗaya-ɗaya da tazara. Kwana biyu-uku yana kwance ya yi laushi, daga nan ya kama. A can zai yi kai, a can za a cika buhu.

Da wannan ido nake duban tambayar da iyaye kan yi idan yaro ya ce zai fara karatun falsafa a ƙaramar kwaleji ko ajin dare: "Kai yaro, wannan karatu ina zai kai ka?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma uban da ya yi ta bai yi laifi ba. Kuskure ɗaya ne a cikinta, wato zuwa fangalin reno da buhu a hannu. A Amurka akwai kwalejojin al'umma na shekara 2, masu sauƙin kuɗi, inda direban tasi da mai goyo da wanda jarrabawa ta kayar ke zama aji ɗaya, wanda ya dage ya wuce jami'a. Faransa ba ta da wannan tsari. Sai dai ta fi shekara ɗari tana buɗe wa talaka ƙananan ƙofofi zuwa falsafa, wasu suka kai mutane nesa, wasu suka bar su a tsaye. A Paris da Lyon ana ganin duka biyun.

In ban da masu layin koyon sana'a, ɗan sakandaren Faransa ba ya kammala ajin ƙarshe sai ya karanci falsafa. A watan Yuni zai zauna awa 4 a ɗakin jarrabawa, ko ya amsa ɗaya daga tambayoyi biyu, ko ya warware wani nassi. Kafin azahar rediyo da jaridu sun watsa tambayoyin, manya na gardama a kansu a wurin aiki. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa ba sai an ba su labari ba, don su ma ɗan ajin ƙarshe na fama da wannan darasi kafin ya sami BAC, takardar kammala sakandare. Mu na Najeriya ne abin ke yi wa baƙo.

To, wanda ya bar makaranta tun da wuri fa, ya shiga aikin gini ko sharar asibiti? Tun 1994 jami'o'in ƙasar ke bayar da wata takarda mai suna DAEU, wadda ke tsaya masa a matsayin BAC. Sharaɗi shi ne ya yi aƙalla shekara 2 da barin makaranta, kuma ya kai shekara 24, ko 20 idan ya yi aikin shekara 2. A ɓangaren adabi Faransanci da wani harshen waje dole ne, sai ya zaɓi darussa biyu, kuma a wurare da yawa falsafa na cikin zaɓin. Galibi karatun shekara guda ne, da yamma ko ta intanet. Wanda ya ci a Lyon yana iya neman gurbi a tsangayar falsafa ta Jami'ar Jean Moulin, a Paris kuma ga Sorbonne, ga Nanterre, ga Paris 8. Kuɗin rajistar digirin farko ga ɗan ƙasa bai kai Yuro 200 a shekara ba. Baƙon da ya fito daga wajen Tarayyar Turai kuwa, a 2019 aka yanka masa Yuro 2,770, ko da yake wasu jami'o'i kan yafe masa ƙarin.

Me ake yi a irin wannan aji? A ce malama ta rubuta a allo: shin duk abin da doka ta halatta adalci ne? Ɗalibin da ya wuni a tsaye zai yi wuf ya ce a'a, ya kawo labarin mai gidan hayar da ya kore shi. Ba za ta ce ya yi ƙarya ba. Za ta ce ya fara faɗin abin da yake nufi da doka, da abin da yake nufi da adalci. Sannan ya ajiye fushinsa, ya gina hujja mafi ƙarfi da mai cewa e zai iya kawowa, har shi kansa ya ji ta taɓa shi. Sai bayan haka a ba shi damar rushe ta, kuma da dalili, ba da ɗaga murya ba. Takardarsa ta farko za ta dawo da jan biro tun daga sama har ƙasa. Ta biyar za ta dawo da sauƙi. Mutumin da ya yi shekara yana wannan horo bai zama malamin falsafa ba, amma ya iya karanta yarjejeniya ya ga inda aka ɓoye tarko, ya iya sauraren abokin gardama har ya gama, ya iya rubuta shafi uku da kai da gindi. Saiwar ke nan. Ba a ganinta daga sama, kuma ba wanda zai saye ta a kasuwa a ranar.

Idan ana neman wanda ya shigo ta ƙaramar ƙofa ya kai ƙarshe, sai a tuna Gaston Bachelard. An haife shi a 1884 a wani ƙaramin gari, Bar-sur-Aube. Ma'aikacin gidan waya ne. Daga 1907 zuwa 1913 yana aiki a Paris, da dare yana karatun lissafi, har ya sami digiri a 1912. Yaƙin Duniya na Farko ya ci masa wata 38 a ramukan daga. Da ya dawo sai ya koma garinsu yana koyar da kimiyya a ƙaramar makaranta. Matarsa ta rasu a 1920 ta bar masa 'yar ƙaramar yarinya, Suzanne, ya rene ta shi kaɗai, kuma a cikin wannan hali ya ɗauki falsafa. Ya ci babbar jarrabawar malamai ta agrégation a 1922 yana da shekara 38, ya yi digirin digirgir a 1927, ya tafi Jami'ar Dijon a 1930, a 1940 aka ba shi kujerar tarihi da falsafar kimiyya a Sorbonne. Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne shekarun ƙaramar makaranta ba su tafi a banza ba. Yana koya wa yaran karkara zafi da lantarki ya lura cewa yaro ba ya shigowa aji da kai fanko. Yana zuwa da abin da ya ɗauka ya riga ya sani, kuma wannan ne ke tare masa hanya. A kan wannan ya gina littafinsa na 1938 game da yadda tunanin kimiyya ke samuwa. Suzanne ma ta girma ta koyar da falsafa a Sorbonne.

Amma kada a yaudari yaro da Bachelard. Hanyar koyarwa a Faransa ƙunci gare ta: gasa ce, kuma guraben agrégation na falsafa ba sa kai 100 a shekara a 'yan shekarun nan. Da yawa daga masu cinyewa sun biyo ta azuzuwan share fage na manyan makarantu irin su Louis-le-Grand a Paris da Lycée du Parc a Lyon, suka shiga École normale supérieure ta titin Ulm ko ta unguwar Gerland, inda gwamnati ke biyan ɗalibi ɗan ƙasa albashi yana karatu. Mai ajin dare yana karawa ne da waɗanda aka rena a inuwa. Shi ya sa da yawa daga masu digirin falsafa kan haɗa shi da wani abu: lauya, jarida, ɗab'i, aikin gwamnati. Emmanuel Macron ya karanci falsafa a Nanterre, ya taimaka wa masanin falsafa Paul Ricœur a aikin littafi, amma ta makarantar horar da manyan ma'aikatan gwamnati ya bi kafin ya zama shugaban ƙasa a 2017. Daga yankinmu kuwa ga Souleymane Bachir Diagne na Senegal, wanda ya ci agrégation a 1978, ya koma Dakar ya koyar shekara 20, ya ba Shugaba Abdou Diouf shawara kan ilimi da al'adu, daga baya ya tafi Jami'ar Columbia. Ya yi rubutu kan lissafin mantiƙi na George Boole, ya yi kan Muhammad Iqbal da falsafa a Musulunci, bai ga wata gaba tsakaninsu ba.

Akwai kuma inda aka yafa iri ba a tanadi gona ba. A 1899 Georges Deherme, ɗan ƙwadago, ya buɗe jami'ar talakawa a unguwar Faubourg Saint-Antoine ta Paris, cikin 'yan shekaru irinta suka bazu ƙasar, kafin 1914 yawancinsu sun mutu: laccar yau ba ta san ta jiya ba, malamai na magana sama da kan gajiyayyun ma'aikata. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Vincennes. Bayan boren ɗalibai na 1968 aka buɗe wannan jami'a a gefen Paris, ta karɓi ma'aikatan da ba su da BAC, ta yi darussan dare. Michel Foucault ya kafa sashen falsafa, Gilles Deleuze ya baro Lyon ya zo, aji na cika har mutane su zauna a ƙasa. A Janairun 1970 ministan ilimi Olivier Guichard ya janye amincewar gwamnati daga digirin sashen, bisa hujjar cewa darussan sun koma siyasa zalla kuma ba a jarraba ɗalibai yadda ya kamata. Laifi akwai shi ta kowane ɓangare. Amma malaman sun ci gaba da suna da albashi. Wanda ya biya kuɗin rigimar shi ne ma'aikacin da ya hana idonsa barci, ya fito da takardar da ba za ta ba shi aji ya koyar ba. A 1980 aka rushe gine-ginen, aka mayar da jami'ar zuwa Saint-Denis.

Irin albasar da aka bari a fangalin reno cunkushewa yake yi, ya ba da lawashi ba kai. Ba na raina lawashi, yana gyara miya. Collège de France tun 1530 yake, laccocinsa kyauta ne, ba rajista, ba takarda. A 1992 Marc Sautet ya fara zaman gardamar falsafa ranar Lahadi a wani gidan shayi a dandalin Bastille. A 2005 Philippe Corcuff da abokansa suka kafa jami'ar talakawa ta Lyon, ita ma kyauta, ita ma ba shaida. Dattijon da ya yi ritaya, ko ma'aikaciyar jinyar da ke neman abin da zai wanke mata kai, sun sami abin da suka je nema. Matashin da ke da ƙanne a wuyansa kuwa, haƙƙi ne a gaya masa tun ranar farko wane aji ne ke da hanyar wucewa gaba, wane ne ba shi da ita.

A wajenmu akwai tsoro na biyu bayan na abinci, wato cewa falsafa na raba yaro da imaninsa. Paris ma ta taɓa jin wannan tsoro: a ƙarni na 13 malamanta sun karanci Aristotle ta sharhin Ibn Rushd, har babban limamin cocin birnin ya haramta jerin ra'ayoyi a 1277. Ban ce tsoron ba shi da tushe ba. Sai dai Imamu Gazali, wanda ya yi wa masana falsafa raddi mafi zafi, shi ne kuma ya tsaya kan cewa malami na bukatar mantiƙi. A zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato an daɗe ana karanta Sullam na Akhdari da tauhidin Sanusi, waɗanda hujjar hankali ce ƙashin bayansu. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi rubutu a kan hikima a Salame ba tare da ya taka Turai ba. Almajirin da ya sauke waɗannan littattafai ya riga ya san sharaɗin ma'ana da tsarin hujja, sai dai takardar boko ba ta san da shi ba.

Fangalan reno kuwa muna da su: Kwalejin Share Fagen Shiga Jami'a ta Kano, makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, da shirin IJMB mai kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Abin da nake so in gani shi ne ɗaya daga cikinsu ta buɗe ajin yamma na mantiƙi da rubutun hujja, mai karɓar tela da ɗan kasuwa da almajirin zaure da matar da aure ya katse wa karatu, malamin jami'a da malamin zaure su raba darussan a tsakaninsu. Kuma kafin a ɗauki ɗalibi na farko, shugaban kwalejin ya tafi Zariya ko Jami'ar Bayero, ya dawo da takarda mai sa hannu da ke faɗin sassan da za su karɓi waɗanda suka ci, ko lauya ne ko jarida ko falsafar kanta, da ajin da za su shiga.