Bam Ɗin Kan Hanya Bai San Kaki Ba

Duk lokacin da saƙon murya ya fara yawo a WhatsApp cewa an binne bam a hanyar Abuja zuwa Kaduna, maganar da ake ji a tashoshin mota da majalisun Gonin Gora ba ta wuce biyu. Wasu su ce ƙarya ce, Kaduna ba Borno ba ce. Wasu su ce ko da gaske ne, ai da sojoji ake yi, babu ruwan talaka. Har akwai direbobin da ke ganin wayo ne su manne wa ayarin motocin soja, wai a nan tsaro yake. Wannan fahimta ta biyu ta fi haɗari, domin bam ɗin da aka ɗana wa soja, farar hula ne ya fi shan wahalarsa.

Irin waɗannan bama-bamai kashi biyu ne. Na farko ana binne shi a hanya, nauyin abin da ya taka shi ne ke tayar da shi. Tarko ne, kuma tarkon da aka ɗana wa gafiya a bayan rumbu ba ya tambayar wanda ya sa ƙafa: kazar gida ce, ɗan akuya ne, ko yaron da aka aika ɗebo hatsi. Wanda ya ɗana ya tafi abinsa, tarkon na nan yana jira ko da wata guda ne. A watan Afrilun 2025 wata mota ta taka irinsa tsakanin Rann da Gamborun Ngala a Borno, mutum 26 suka rasu, matafiya ne, har da mata da yara. Rahoton shekara-shekara na Landmine Monitor ya nuna cewa a 2023 fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda nakiyoyi da ragowar makaman yaƙi suka kashe ko suka raunata a duniya fararen hula ne. Kashi na biyu kuwa wani ne ke laɓe yana jiran ayari ya iso ya tayar. A nan motar sojan ita ce abin hari, saboda haka direban da ya manne mata ya kai fasinjojinsa tsakiyar wuta da hannunsa. Sau da yawa kuma akan ajiye bam na biyu domin taron da zai ruga kallo ko ceto.

Masu cewa Kaduna ba Borno ba ce sun manta da wuri. A Fabrairun 2012 an kai harin ƙunar baƙin wake hedikwatar Runduna ta Ɗaya da ke Kawo, a Nuwamban shekarar kuma aka tayar da bam a cocin da ke cikin barikin Jaji. Ranar 23 ga Yulin 2014 aka auna ayarin Janar Muhammadu Buhari a Kawo da na Shehu Ɗahiru Bauchi bayan ya tashi daga tafsiri a Dandalin Murtala. Su biyun sun tsira. Gawawwakin da aka kwashe galibi na 'yan kasuwa ne da masu wucewa da almajirai. Ranar 28 ga Maris 2022 da bam aka fasa layin dogo a yankin Katari da Rijana kafin a buɗe wa jirgin ƙasa wuta, aka kashe aƙalla mutum 8, aka sace fiye da 60. Garin Kaduna da ke da cibiyoyin soja na Jaji da NDA da Kachia a kewayensa ba ya rabuwa da zirga-zirgar sojoji, kuma Gonin Gora ce ƙofarsa ta kudu.

Rikicin maƙwabta ma yana biyo hanya. A Janairun 2013 ƙungiyar Ansaru ta kai wa ayarin sojojin da ke shirin tafiya Mali hari kusa da Okene, ta kashe biyu. 'Yan awaren yankin masu Turancin Ingilishi a Kamaru sun daɗe suna ɗana wa motocin soja bam, 'yan awaren Abzinawa kuma sun yi wa ayarin sojojin Mali da mayaƙan Wagner mummunan kwanton ɓauna a Tinzawaten a Yulin 2024. Aƙidunsu sun bambanta, lissafinsu ɗaya ne. Wanda ba zai iya gaba da gaba da soja ba yakan nemi makami mai arha da zai sa ayari tafiyar hawainiya, ya sa soja zargin kowane manomi da ɗan acaɓa, ya sa jama'a ganin soja a matsayin mai jawo musu bala'i. Idan aka raba soja da mutanen gari, labari ya daina zuwa, mai binne bam ya sami fili.

Ribarsa mafi girma kuwa ita ce ramuwar gayya, kuma Gonin Gora ta san wannan. Ranar 17 ga Yunin 2012, bayan an tayar da bama-bamai a coci-coci a Zariya da Kaduna, an tare hanya a nan da wasu unguwanni, aka far wa matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Ramuwa ta haifi ramuwa a wasu sassan birni, har Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ba dare ba rana. Waɗanda suka kitsa harin ba su kasance cikin motocin da aka tare ba. A Fabrairun 2024 kuma 'yan bindiga suka shiga Gonin Gora kanta suka kwashi mutane. Abokin gaba ɗaya ne ga Kirista da Musulmi, mazauni da matafiyi.

Wani zai ce: ta yaya zan kai rahoto ga hukumar da ba ta rufa asiri, ko ga rundunar da jirginta ya kashe mutane aƙalla 85 a wajen Mauludi a Tudun Biri a Disambar 2023? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma nauyinsa na wuyan hukuma. Amana ba ta samuwa da sanarwar bayan hari. Ana samun ta ne idan an hukunta mai laifi, an ɓoye sunan mai kawo labari, an kuma fito da wuri an gaskata jita-jita ko an ƙaryata ta. Amma gazawar hukuma ba ta mai da shiru ya zama mafita, domin wanda ke bin hanyar kullum zuwa gona da kasuwa shi ne zai fara taka abin da aka binne.

Saboda haka, direba ya ba ayarin soja tazara mai yawa. Wanda ya ga sabon tono a hanya, ko waya, ko kayan da ba su da mai su, kada ya taɓa. Ya ja baya, ya hana wasu kusanta, ya sanar da jami'an tsaro ko mai unguwa. In an ji ƙara, kada a ruga kallo. Sarakuna, limamai, fastoci da shugabannin ƙungiyar direbobi su riƙa faɗar wannan tun kafin wani abu ya faru, su kuma tsaya kai da fata cewa ba za a sake tare matafiyi a Gonin Gora saboda laifin da wani ya aikata ba.