Nazari a Kan Raunanan Fina-finan James Bond

1.0 Gabatarwa

Al'adar manazarta ce su zaɓi fitaccen aiki su yi ta yabonsa, su kau da kai daga wanda ya gaza. To, amma Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Manufar wannan maƙala ita ce kwatanta biyar daga cikin fina-finan ɗan leƙen asirin nan na Ingila, watau James Bond, waɗanda akasarin masu sharhi kan ajiye a sahun baya, domin a gano irin cututtukan da kan kama labarin da ya yi tsawon rai.

Wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan batu. Amsar ita ce, kallon fina-finan waje ya daɗe da zama gida a ƙasar Hausa, tun daga 1937 da aka buɗe sinimar Rex a Kano. A da, saurayin Kurmin Kogi ko Ikara ko Makarfi ko Kudan sai ya shiga mota zuwa Zariya kafin ya ga sinima. Yanzu kuwa wayarsa kawai zai miƙa wa mai tura fina-finai. Bugu da ƙari, masu shirya fina-finan Hausa sun rungumi labari mai dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina. Ke nan abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba.

2.0 Tushen Labarin

Marubuci Ian Fleming ne ya ƙago James Bond, mai lamba 007, a littafinsa Casino Royale na 1953. Albert Broccoli da Harry Saltzman suka mayar da shi fim, suka fara da Dr. No a 1962. Daga nan zuwa No Time to Die na 2021, kamfaninsu na Eon ya fitar da fina-finai 25, 'yan wasa 6 suka fito a matsayin tauraron. Zubin labarin kusan ɗaya ne kullum: wani mugu mai dukiya ya ƙulla makirci, a tura Bond da 'yan na'urorinsa, ya haɗu da wata mace, a kama shi, ya kuɓuta, ya rusa maɓoyar mugun. Wannan ya yi kama da tatsuniyar Gizo, inda yara sun san ƙarshenta tun daga "ga ta nan ga ta nanku", amma gwanintar mai bayarwa ce ke riƙe su. Saboda haka ba a kama waɗannan fina-finai da laifin maimaita zubi. Abin dubawa shi ne yadda aka sarrafa shi.

3.0 Kwatanci

3.1 Bin Yayi

The Man with the Golden Gun (1974) ya fito ne lokacin da duniya ke cikin zazzaɓin fina-finan faɗan 'yan Sin, bayan Enter the Dragon na Bruce Lee a 1973, da kuma tsadar man fetur ta wannan shekara. Sai masu shiryawa suka cusa makarantar koyon faɗa a ƙasar Tailan, suka kuma ƙara da neman wata na'ura mai sarrafa hasken rana. Alhali kuwa ainihin jigon ya wadatar: Scaramanga, makashin da ke karɓar dala miliyan ɗaya a kan kowane rai, wanda Christopher Lee ya fito a matsayinsa, yana ganin shi da Bond sana'arsu ɗaya. Wannan tambaya ce mai nauyi, amma aka binne ta cikin barkwanci. Har tsallaken da mota ta yi a kan kogi tana juyawa a sama, wanda da gaske aka yi shi, sai da aka ɓata shi da ƙarar usur ta wasan yara.

Moonraker (1979) ya fi nisa a wannan hanya. An riga an sanar cewa For Your Eyes Only ne zai biyo baya, amma ganin kasuwar da Star Wars ya yi a 1977 sai aka canza shawara, aka harba Bond sararin samaniya yana yaƙi da bindigogin haske. Bambancin fina-finan biyu shi ne, na 1974 ya yi ƙarancin ciniki, shi kuwa na 1979 ya tara sama da dala miliyan 200, ba a sami wanda ya zarce shi ba sai GoldenEye a 1995. Wannan ya nuna cewa yawan ciniki ba shi ne ma'aunin inganci ba.

3.2 Tsufa

A View to a Kill (1985) shi ne na bakwai kuma na ƙarshe da Roger Moore ya yi, yana da shekara 57. Mai kallo na iya gane wuraren da wani ne ke yin gudu da tsalle a madadinsa. Daɗin daɗawa, makircin Max Zorin na nutsar da cibiyar ƙera kayan kwamfuta ta Kalifoniya domin ya mallaki kasuwa, kusan shi ne na Goldfinger (1964), sai dai an musanya zinariya da kayan lantarki. A nan tauraro da labari duk sun gaji tare, ko da yake Christopher Walken da Grace Jones sun yi abin a yaba.

3.3 Wuce Gona da Iri

Die Another Day (2002) shi ne na 20, kuma da shi aka yi bikin cika shekara 40. Ya buɗe da ƙarfi, domin an kama Bond a Koriya ta Arewa, ya yi wata 14 a tsare ana gana masa azaba. Daga tsakiya sai linzami ya kuɓuce: ga mota mai ɓacewa kamar an yi mata layar zana, ga mugun da ya sauya kamanninsa baki ɗaya, ga Pierce Brosnan yana sulu a kan igiyar ruwan da aka zana da kwamfuta. Mai kallo kan yarda da ƙarya ne gwargwadon dokar da labarin ya kafa wa kansa. Layar zana ta dace da Ruwan Bagaja, amma a labarin leƙen asiri tana kashe fargaba, domin wanda ba a gani ba a jin tsoron a harbe shi.

3.4 Gaggawa

Cutar Quantum of Solace (2008) daban take. Jigonsa mai ma'ana ne, watau yunƙurin wani kamfani na mallake ruwan ƙasar Bolibiya, abin da duk manomin rani zai fahimci haɗarinsa. Sai dai yajin aikin marubutan fina-finan Amurka na 2007 zuwa 2008 ya riski rubutun bai nuna ba, har Daniel Craig ya faɗa daga baya cewa shi da mai ba da umarni, Marc Forster, suka riƙa gyara wasu fitowa da kansu. Minti 106 ne tsawonsa, mafi gajarta a jerin, kuma an yayyanka hotunan faɗan da sauri har ido ba ya iya bi.

4.0 Wanne Ya Fi Rauni?

Idan aka auna su da jigo da zubi da taurari, za a ga na 1974 da na 2008 suna da iri mai kyau, noman ne bai yi ba. Na 1979 ya san wasa yake yi, bai kuma ɓoye ba. Na 1985 gajiya ce ta kayar da shi. Na 2002 ne ya fi nauyin laifi, saboda ya yi wa mai kallo alkawarin labari mai zafi a farko, sa'an nan ya saɓa.

5.0 Kammalawa

Abin lura shi ne yadda masu shiryawa suka riƙa gyara bayan tuntuɓe. For Your Eyes Only (1981) ya sauko da Bond ƙasa, The Living Daylights (1987) ya kawo Timothy Dalton, Casino Royale (2006) ya sake ginin daga tushe, Skyfall (2012) kuma ya sami rubutun da aka natsu a kansa. A 2025 ragamar shirya fina-finan ta bar hannun iyalan Broccoli ta koma ga kamfanin Amazon MGM.

Manomin rake a Makarfi ya san cewa gyauro kan ba da amfani shekara da shekaru, amma akwai lokacin da zaƙinsa kan ragu, dole a tumɓuke a dasa sabo. Masu shirya fina-finan Hausa masu dogon zango na bukatar sanin wannan lokaci, haka su ma ɗaliban da za su yi nazarin ayyukansu.