LITTAFIN DA YA GINA IKKILISIYA A ƘASAR KAGOMA

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Kafanchan zuwa Kwoi ran Lahadi da safe, ya ratsa ta Fadan Kagoma, zai ga maza da mata sun ci ado suna tafiya majami'a, galibinsu da littafi a hannu. Mutanen nan su ne Gwong, waɗanda Hausawa ke kira Kagoma, suna cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna. Manoman citta ne, suna da harshensu na kansu, watau Gyong, da sarkinsu mai laƙabin Kpop Gwong. Amma in an shiga majami'a, sau da yawa da Hausa za a yi waƙa, da Hausa za a yi karatu, kuma in gardama ta tashi tsakanin dattawan ikkilisiya, abin da ke raba ta shi ne a buɗe Littafi Mai Tsarki a duba.

To, yaya aka yi littafi ɗaya ya sami wannan matsayi a ƙasar da shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce ba a san karatun boko ba? Kafin mai karatu ya gane wannan, sai an koma baya ƙwarai.

TUSHEN AL'AMARIN

Ikkilisiyar Kirista ta soma ne a Urushalima wajen shekara ta 30 ta Miladiyya, lokacin da almajiran Yesu Almasihu suka fito fili suna wa'azi a ranar idin Fentikos. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa a birnin Antakiya aka fara kiransu Kirista. Abin lura shi ne masu bi na farkon nan ba su da Sabon Alkawari a hannu. Abin da suke karantawa shi ne littattafan Yahudawa, watau Attaura da Zabura da littattafan annabawa. Wasiƙun Manzo Bulus sun fara fitowa wajen shekara ta 50, Linjila huɗu kuwa an rubuta su kafin ƙarni na farko ya ƙare ko dab da haka.

An daɗe ana tantance waɗanne rubuce-rubuce ne za a karanta a cikin taron sujada, kuma babban rabon wannan aiki a ƙasar Afirka aka yi shi. Cikin shekarar 367 Atanasiyus, Bishop na Iskandariya a Masar, ya aika da wasiƙa wadda a ciki ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda aka san su yau. Tarurrukan bishop-bishop da aka yi a Hippo, cikin Aljeriya ta yanzu, a 393, da Kartaj, cikin Tunisiya ta yanzu, a 397, sun amince da jerin.

Daga nan ne wata tsohuwar tambaya ta samo asali: wa ke gaba da wani, ikkilisiyar da ta tattara littafin, ko kuwa littafin da ke yi wa ikkilisiya hukunci? Cikin 1517 wani limamin Kirista Bajamushe, Martin Luther, ya ta da ƙura a kan wannan, mabiyansa suka tsaya a kan cewa Littafi kaɗai ne alƙali. Ikkilisiyar Katolika kuwa, a taronta na Trent cikin 1546, ta tabbatar da cewa Littafi da koyarwar da aka gada daga manzanni tafiya suke yi tare. Shi ya sa har gobe Littafi Mai Tsarki na Katolika ke da littattafai 73, na masu bin hanyar Luther kuwa 66. Duka hanyoyin nan biyu sun iso ƙasar Kagoma.

ZUWAN TURAWAN MISHAN

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka a Ikko da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran Arewa a zamanin. Su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Shekara ba ta zagayo ba sai da biyu suka rasu, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent a Bida. Bingham ya koma Kanada, bai kuwa karaya ba. Ƙungiyar da ya kafa, wadda aka sani da S.I.M., ta sami gindin zama a Pategi cikin 1902, daga nan ta yi ta matsowa har ta buɗe tasha a Kwoi, ƙasar Jaba, cikin 1910.

Akwai dalilin da ya sa suka nufo wannan yanki. Bayan da Turawan mulki suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka aka taƙaita aikin mishan a manyan garuruwan Musulmi, aka bar musu ƙasashen ƙabilun da ke bin addinin gargajiya. Kudancin Zazzau da ƙasar Jama'a na cikin waɗannan.

Kafin 1930 S.I.M. ta kafa wata tashar a Kagoro, inda cikin 1931 aka buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki wadda har yau take horad da fastoci. Bugu da ƙari, ya zuwa 1927 hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna, aka fid da reshe zuwa Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu suka zo da nasu majami'u, na Anglika da Katolika da Baptis da sauransu. Ƙasar Kagoma ta sami kanta a tsakiya, Kwoi a gefe guda, Kafanchan da Kagoro a ɗaya gefen.

LITTAFIN 1932

Matsalar farko da Turawan nan suka tarar ita ce ta harshe. A cikin tafiyar yini ɗaya mutum zai ratsa Jaba da Kagoma da Bajju da Kaninkon da Kagoro, kowa da bakinsa. Amma a kasuwa da Hausa ake ciniki, da ita kuma hukuma ke karɓar haraji. Don haka sai suka kama Hausa.

Aikin fassara ya riga su farawa. Wani Bajamushe mai aiki da C.M.S., James Schön, ya buga Linjilar Matiyu da Hausa tun 1857, da taimakon wani yaro Bahaushe mutumin ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda matafiyin nan Barth ya tafi da shi Ingila. Daga baya Likita Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya ɗauki nauyin aikin shekara da shekaru, tare da wasu irin su Likita Andrew Stirrett na S.I.M. da Hausawan da suka zauna da su suna gyara magana. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, cikin haruffan boko.

Littafin da aka yi da nufin Kano da Katsina da Zariya, sai ga shi ya fi samun masu karatu a Kwoi da Kagoro da Kagoma da kan dutsen Jos. Turawan S.I.M. mutane ne da suka ɗauki ra'ayin nan na Littafi kaɗai da ƙarfi. A ganinsu Kiristan da ba ya iya karanta wa kansa bai tsaya da ƙafafunsa ba tukuna. Saboda haka duk inda aka kafa rumfar sujada, nan ne ajin koyon karatu, kuma sun fi so mai neman baftisma ya iya haɗa baƙi. Mai bishara shi ne malami, shi ne mai ba da magani, shi ne kuma mai rubuta wa mutane wasiƙa.

Turawa ba su da yawa, ba kuma za su iya zaga kowane ƙauye ba. Yawancin ƙananan ikkilisiyoyin yankin 'yan ƙasa ne suka kafa su, samarin da suka koyi karatu a tasha suka koma gida, da masu bishara waɗanda ke noma da rana su koyar da dare.

INDA AKA YI KARO

Abin bai zo da sauƙi ba. A da, iko a ƙauye yana hannun tsofaffi masu riƙe da asirin dodo, waɗanda ke sa ranar shuka da ranar girbi, su hukunta mai laifi, su tsoratad da mata da yara. Yanzu ga saurayi ɗan shekara ashirin ya dawo da littafi yana cewa akwai maganar da ta fi tasu. An yi ta samun saɓani a kan shiga dodo, da shan burkutu, da auren mace fiye da ɗaya, da aiki ran Lahadi. Wasu an kore su daga gida, wasu an hana su mata. Mata kuwa, waɗanda dodo ya fi takurawa, sun rungumi sabuwar hanyar da yawa, har ƙungiyarsu ta Zumuntar Mata ta zama ginshiƙin kowace majami'a.

Amma wuƙar da aka ba mutum ba ta zaɓen abin da za ta yanka. Wanda aka koya wa cewa Littafi na gaba da kowa, wata rana zai auna Baturen da ya koya masa da littafin. Masu karatun nan suka fara tambaya, in manzanni sun naɗa dattawa a kowane gari sun wuce gaba, me ya sa mishan ke riƙe da kome? Cikin 1954 ikkilisiyoyin S.I.M. suka haɗu suka zama E.C.W.A., da hedkwata a Jos, kuma cikin 1976 mishan ta miƙa mata sauran ayyukan da ke hannunta. Karatun nan ne kuma ya fid da mutane irin su Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarautar Kagoro daga 1945 har rasuwarsa a 2008.

Babban wanda ya ɗaga wannan tuta shi ne Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi, maƙwabcin Kagoma. An haife shi a 1936, ya zama Babban Sakataren E.C.W.A. a 1967, ya yi karatu a Ingila da Amurka, sannan a 1973 aka zaɓe shi ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka a Nairobi. A lokacin wasu malaman addini na cewa a cuɗa Kiristanci da addinin gargajiya don ya zama na Afirka. Kato ya ce a yi waƙa da kiɗa da sutura irin na gida, amma kowace al'ada, ta Bature ko ta baƙar fata, Littafi ne zai tace ta. Ya rasu a bakin teku kusa da Mombasa a watan Disamba na 1975, yana da shekara 39.

A ɓangaren Katolika ma an sami sauyi. Babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin sujada da harsunan jama'a maimakon Latin, ya kuma ƙarfafa kowane mai bi ya riƙa karanta Littafi. Da aka kafa Dayosis na Kafanchan a 1995, Bishop ɗinsa na farko ɗan Fadan Kagoma ne, Joseph Danlami Bagobiri, wanda ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 2018.

ABIN DA KE GABA

Yau tambayar ta sake salo. Na farko, da wane harshe za a karanta? Tsofaffi sun saba da Hausar 1932, har wasu ba su saki jiki da sabuwar fassarar da ta fito wajen 1980 ba. Matasan da suka yi makaranta sun fi son Turanci, suna karantawa a wayar hannu. Wasu kuma na ganin Hausar majami'a ta taimaka wajen danne harsunan gida, har yara da yawa ba su iya gaida kakanninsu da Gyong ba. Maƙwabta irin su Bajju da Atyap sun riga sun sami Sabon Alkawari cikin harsunansu. Masu wannan ra'ayi na cewa maganar da mutum ya ji cikin harshen mahaifiyarsa ita ke shiga zuciya. Masu kāre Hausa kuwa na cewa ita ce ta sa Bakagome da Bajaba da mutumin Kagoro suka iya zama a benci ɗaya.

Na biyu, kuma mafi nauyi, wa ke da ikon fassara? Tun daga shekarun 1970 sababbin majami'u suka yawaita a Kafanchan da kewaye. A wasunsu maganar shugaba, ko mafarkinsa, ko annabcinsa, na neman zama daidai da abin da ke rubuce, ana ɗauko aya guda a raba ta da 'yan uwanta don a nemi kuɗi ko a la'anci wani. Yankin ya kuma ɗanɗana abin da ke faruwa in aka yi sakaci da maganar littattafai masu tsarki, domin rikicin da ya ɓarke a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, ya bazu har Kaduna da Zariya da Katsina, ya taso ne daga gardama a kan wa'azi.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kakannin Kiristan Kagoma sun koyi karatu a gindin aci-balbal don kada kowa ya faɗa musu abin da ba a rubuta ba. Ya rage wa fastoci da Fada-fada da dattawa su farfaɗo da ajin karatu a kowace majami'a, iyaye kuma su zauna da 'ya'yansu su karanta sura guda daga farko har ƙarshe, da Hausa ko da Turanci, su bayyana musu ita da Gyong.