Malaman da Ke Bayan Tamaula: Abin da Bincike Ya Gano da Abin da Ya Rage wa Abuja

Ranar 15 ga Nuwamba, 2009, babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja ya cika ya batse. Golden Eaglets ta Najeriya ce ta kara da Suwizalan a wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, kuma baƙin ne suka tafi da kofin da ci ɗaya mai ban haushi. Gasar ta kafa wani tarihin da ba a cika ambato ba: a cikinta FIFA ta fara amfani da na'urar MRI don tantance shekarun 'yan wasa.

Aikin Farfesa Jiri Dvorak ne, likitan jijiyoyi a birnin Zurich, wanda ya shugabanci sashen lafiya na FIFA sama da shekara 20. A ƙarshen ƙashin hannu, daidai wuyan hannu, akwai siririn guringuntsi wanda ta nan ƙashin ke ƙara tsawo. Idan girma ya kammala, sai guringuntsin ya ƙafe, ƙashin ya haɗe. Dvorak da abokan aikinsa sun ɗauki hoton hannun yara kusan 500, masu shekara 14 zuwa 19, daga Suwizalan da Aljeriya da Malesiya da Ajantina, suka kasa haɗewar ƙashin mataki shida. A rahotonsu na 2007 sun nuna cewa da wuya ƙwarai a sami yaron da bai kai 17 ba amma ƙashinsa ya kai mataki na shida.

Mun ga tasirin wannan bincike a gida. Kafin gasar 2009 an sallami 'yan wasa 15 daga sansanin Eaglets. A 2016 kuma 26 suka faɗi gwajin ana gab da karawa da Nijar, Nijar ɗin kuwa ta yi waje da mu. Na'urar dai ba ta faɗin ranar haihuwa, kuma akwai yaran da ke riga sa'o'insu girma, don haka maganin matsalar na asali yana wajen yi wa kowane jariri rajistar haihuwa. Duk da haka, takardar bincike guda ta sauya yadda ake zaɓen 'yan wasa a ƙasar da ta ɗauki wannan kofi sau biyar.

Ilimin da ke cikin gumi

Wanda ake kallo a matsayin uban kimiyyar ƙwallon ƙafa shi ne Farfesa Tom Reilly na birnin Liverpool, wanda ya rasu a 2009. A binciken da ya wallafa a 1976, ya riƙa bin 'yan wasan Everton ɗaya bayan ɗaya, yana lissafa tafiyarsu da sassarfarsu da gudunsu. Ya gano cewa 'yan tsakiya sun fi kowa cin ƙasa, kuma abin da ɗan wasa ke yi da ƙwallo a ƙafarsa bai kai kashi biyu cikin ɗari na duk nisan da ya keta ba. Sauran duk gudu ne ba ƙwallo. Wannan ya tilasta wa masu horarwa sake tsarin atisaye. Bayansa Farfesa Jens Bangsbo na Jami'ar Copenhagen ya ƙirƙiro gwajin Yo-Yo: ɗan wasa ya ruga mita 20 ya dawo, ya ɗan huta, ƙararrawa tana ƙara sauri har sai ya gaza. Juventus ta ɗauki Bangsbo mataimakin koci.

Najeriya ma tana da nata. Dakta Oluwatoyosi Owoeye, lokacin yana Jami'ar Legas, ya jarraba tsarin motsa jini na FIFA 11+ a kan ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, yara sama da 400. Tsarin minti 20 ne kafin atisaye, ba ya buƙatar komai sai fili da ƙwallo. A ciki akwai wanda yaro zai durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali yana tokare kansa da tsokar bayan cinya. Akwai tsayuwa da ƙafa ɗaya ana jefa wa juna ƙwallo, akwai koyon dira daga tsalle ba tare da gwiwa ta karkace ciki ba. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna raguwar rauni da kashi 41 cikin ɗari a ƙungiyoyin da suka bi tsarin. Bincike ne da aka yi a filayenmu, da yaranmu, kuma kowace ƙungiyar unguwa a Nyanya ko Gwagwalada za ta iya aiki da shi kyauta. Owoeye yanzu yana koyarwa a Jami'ar Saint Louis ta Amurka.

Rashin wannan ilimi yana cin rai. Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola, kuma ciwon zuciya ne ajalinsa. A Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana karawa da Katsina United, shi ma ya rasu. Gwajin zuciya kafin fara kaka, da na'urar farfaɗo da bugun zuciya a bakin fili, da mutumin da ya iya sarrafa ta, abubuwa ne da likitocin wasanni suka daɗe suna nanatawa.

Lissafin kuɗin ƙwallo

A ɓangaren tattalin arziki, Peter Sloane na Birtaniya ya yi bayani tun 1971 cewa masu kulob ba riba suka sa a gaba ba: nasara suke nema da suna. Wanda ya san Kano Pillars ko El-Kanemi Warriors ko Enyimba, waɗanda duk gwamnatocin jihohi ke ɗaukar nauyinsu, zai gane abin da yake nufi. Farfesa Stefan Szymanski, wanda ke Jami'ar Michigan, ya tace asusun kulob-kulob na Ingila na shekaru masu yawa, ya nuna cewa albashin 'yan wasa ne ke bayyana kusan kashi 90 cikin ɗari na matsayin kulob a tebur idan aka ɗauki dogon lokaci. Iya kuɗinka, iya shagalinka. Kulob ɗin da ke riƙe wa 'yan wasa albashi, sannan ya kori koci don an sha kashi, ya bar jaki yana dukan taiki.

Akwai kuma kuɗin da ke zirarewa. Dokar FIFA ta ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars zuwa Holan a 2010, ya wuce CSKA Moscow, Leicester City ta saye shi a 2016 a kan fam miliyan 16 da 'yan kai. Victor Osimhen ya koma Napoli a 2020 a kan kusan yuro miliyan 70. Makarantar ƙwallon da ba ta yi wa yaronta rajista ba, ba ta da takardar da za ta nemi haƙƙinta da ita, ko da shi ya zama gwarzon Afirka.

Hukunce-hukuncen da suka shafi duk waɗannan al'amura a ƙasar nan, a Abuja ake yanke su. Nan hedikwatar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, take, nan Hukumar Wasanni ta Ƙasa take, wadda aka farfaɗo da ita a 2024 aka naɗa Shehu Dikko shugabanta. Malamai kuwa muna da su a sassan ilimin motsa jiki na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, kuma kowace shekara ɗalibansu na rubuta kundayen bincike da ke ƙarewa a kan kanta.

Abubuwa uku za su iya haɗa ɓangarorin biyu. A wajabta wa kowane kulob na gasar Firimiyar Najeriya rubuta duk raunin da ɗan wasa ya ji, a miƙa bayanan ga jami'a ta tace. A sa kulob-kulob su riƙa wallafa asusunsu na shekara, domin masanin tattalin arziki ba ya lissafi da jita-jita. A kuma ware wani kaso na kasafin wasanni don bincike, ta yadda malami irin Owoeye zai sami dalilin ci gaba da aikinsa a gida. Baiwa muna da ita a kowane lungu, kuma haƙƙin yaran nan ne a kanmu a kare lafiyarsu da guminsu da ilimin da aka riga aka tabbatar.