Tambarin da ke Ɓoye a Jikin Tsohon Kan Sarki

Duk wanda ya gaji adakar takardun mahaifinsa ko kakansa a Dingyaɗi, ko Boɗinga, ko Shagari, musamman a gidajen da suka yi malanta ko aikin En'e a zamanin Turawa, wajibi ne ya sani cewa kan sarkin da ke manne a jikin tsofaffin wasiƙun nan, wanda yara ke ɓamɓarewa suna wasa da shi, yana iya zama dukiyar magada, kuma sau da yawa sirrin ƙimarsa yana cikin takardar da aka buga shi a kai.

Bayanin al'amarin shi ne, tun takardar tana ɗanya a masana'antarta a Ingila akan bi ta kanta da wani ƙarfe mai zanen waya, wanda yakan rage kaurinta a duk inda ya taɓa, har ya bar tambarin da ido ba ya saurin riskarsa sai an ɗaga ta ga haske. Hikimar kuwa ita ce toshe ƙofar jabu. Kan sarkin farko na Nijeriya ta Arewa, wanda kamfanin De La Rue ya buga a Landan, aka fitar a 1900 da hoton Sarauniya Biktoriya, wato shekara uku kafin Turawa su shiga Sakkwato, tambarinsa kambi guda ne da haruffan CA a ƙarƙashinsa, haka ma na Sarki Edward na 1902. Daga 1904 aka koma ga kambi barkatai da ya cika takardar, kuma shi ne a jikin na fam 25, wanda masu tara kan sarki ke nema ruwa a jallo. A 1921, bayan haɗewar Arewa da Kudu, aka sake fasalin haruffan suka zama masu lanƙwasa.

To, ɗan Adam ajizi ne. Wani lokaci ma'aikaci yakan sa takarda a inji a juye, sai tambarin ya fito kansa a ƙasa ko a baibai, kuma ƙarancin irin waɗannan shi ke tsadantar da su, ta yadda biyu masu kama ɗaya a fuska sai farashinsu ya yi hannun riga.

Amma kada kwaɗayi ya ruɗi kowa, domin galibin na kwabo da na sisin kwabo an buga su da yawa ainun, kuɗinsu ƙalilan ne. Abin tsoro shi ne mai saye ya san abin da mai sayarwa ya jahilta, ya karɓe adaka sukutum da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda ke manne a ambulan ku bar shi a mazauninsa, gama hatimin gidan waya na Sakkwato ko Zungeru da kwanan watansa hujja ce mai ƙara masa daraja. Kada ku jiƙa shi, kada ku ɗiga masa kananzir. Wanda ya riga ya ɓalle ku kife shi a kan baƙin ƙyalle ku duba bayansa, kuma kada ku sayar sai da shawarar masani amintacce da yardar sauran magada.